Jeren Marigayiya

A tashar Mayahi, Malam Salifu yana jiran motar Kanan Bakashe, inda ƙanwarsa ta samo masa bazawara. Matar da ke gefensa tana karanta littafin soyayya.

"Ɗiyata, na san littafin nan," in ji shi. "Matarshi ta rasu a babin farko, a na ukku yana rera ma wata waƙa. Ƙarya ce."

"To Baba, ya bi ta kabari?"

"Ya dai ji kunya. Tun da tawa ta rasu, ban bari an sauke kwano guda daga jerenta ba."

"Ba ka ƙara aure ba ke nan?"

"An matsa mani. Can na nufa."

"Ina za ka aje amaryar?"

"Ɗakin nan dai. Yana da faɗi."

Ta rufe littafin.

"Irinka na aura, Baba. Shekara biyu ina goge kwanukan marigayiya. Ranar da na sauke su in jera nawa, ya sake ni."

"To mi kike nema cikin ƙaryar nan?"

"Nan kaɗai na ga matacciya ta bar ma mai rai ɗaki."

Aka kira masu Kanan Bakashe. Salifu bai tashi ba.