Mai Kemis Ta Ƙi Sayar Min da Magani

A tashar Kafanchan, wata dattijuwa tana matsa gwiwarta, fasinjan da ke gefenta ya yi mata sannu.

"Maleriya ce, Mama?"

"Haka na ɗauka. Gaɓoɓina suka riƙe, har na kasa haƙar citta. Na je kemis, matar ta ƙi sayar min da magani, wai sai an gwada jini."

"Ga ciniki, ta ƙi?"

"Na zage ta tas! A asibiti aka ce wata cuta ce wai ita cikungunya. Sauron rana ke kawo ta, maganin maleriya ba ya taɓa ta."

"Kin koma wajenta?"

"Da doya biyu. Lafiyar gwiwata ta fara tambaya kafin ta dubi doyar."

"Mama, a wane layi shagonta yake?"