Kwalba Ɗaya a Firji

A layin biyan kuɗi na wani shago a birnin Leeds na Ingila, wata budurwa mai rigar 'yan wasan Ostareliya ta dubi buhun sha'ir da tsoho Wilfred ya rungumo.

"Baba, giyar gida za a dafa?"

"Ta kallon wasan kurket ce. Duk shekarar da 'yan wasanku suka zo nake dafawa."

"Ta jaje ke nan, don kashi za ku sha. Ga shi da ɗumi kuke shanta, kamar ruwan wanka."

Wilfred ya tsura mata ido. "Haka maƙwabcina Trevor yake cewa, ɗan ƙasarku ne. Shi ya sa nake saka masa kwalba ɗaya a firji."

"To, bana ma ya more."

"Bara ya rasu." Ya gyara riƙon buhun. "'Yata, sake faɗa mana. Kamar ruwan me?"