Ruwan Abha Bai Taɓa Ni Ba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban ƙungiyarmu ta Hausawan Madina, Alhaji Abdulmajid. Malamanmu da dattawanmu. 'Yan'uwa na unguwar Sultana da na Khalidiyya. Masu masaukinmu na nan Uhudu da suka shimfiɗa mana wuri. Jama'a baki ɗaya, ina gaishe ku gaisuwar girma. Ina godiya da aka ba ni dama, ni Habu mai ba da magani a asibiti, in tofa albarkacin bakina a kan shawarar sakatarenmu Sharfuddeen, cewa a soke tafiyar shaƙatawa da muke yi zuwa garin Abha, baɗi a koma Yanbu bakin teku.

Da farko, ni ban je ba, kuma kun san dalili. Abokin aikina Balarabe ne ya same ni ya ce, "Yaya Habu, riƙe mini dawam ɗina, wato aikina na makon nan, iyali sun matsa mini." Na riƙe masa aikin. Kuka cika mota kuka nufi gandun dajin Asir da ke wajen Abha, kuka bar ni a nan, rana tana narkar da kwalta.

Na biyu, tun da kuka dawo ba ku da zance sai kuka. Wai kun hau dutsen Sauda gari garau, kun shimfiɗa darduma, kun hura gawayi, sai hadari ya taso ba sallama. Wai hazo ya rufe, ko tafin hannunka ba ka gani. Wai ƙanƙara ta zubo, wuta ta mutu, nama ya jiƙe, birai suka yi awon gaba da burodi. Balarabe har da dafa mini kafaɗa yana cewa, "Yaya, gode wa Allah da ba ka je ba. Tafiya ta ɓaci, khalas, shi ke nan."

To bari in faɗa a gaban kowa: ina kishinku. Wallahi ina kishinku! Ranar da aka wanko hotuna aka miƙo mini, na ga riguna sun manne muku a jiki, ban iya gama dubawa ba. Ba na fatan Allah ya karɓe muku, Allah ya tsare, amma ƙyashi kam ina yi.

Ni mutumin Bichi ne, a gona na tashi. Tun da aiki ya kawo ni garin Manzo, hutuna bai taɓa faɗowa a damina ba, kullum sai rani nake ganin gida. Na manta ƙamshin ƙasa idan ruwa ya sauka. A nan kuwa kun san yadda muke: ɗan yayyafi ya ɗigo, kowa ya bar abin da yake yi ya fito da gudu, ya buɗe kai, ya ɗaga hannu, tunda lokacin karɓar addu'a ne. Kafin ka gama tuɓe hula an ɗauke.

Ku kuma Allah ya buɗe muku sama tun azahar har la'asar, me kuka yi? Na tambaya, an faɗa mini. Kun ruga mota, kun ɗaga gilashi, kuna ta faɗa da direba ya juya. Wa ya buɗe kansa? Wa ya ɗaga hannu? Wa ya ce, Allah sarki Habu? 'Ya'yanmu da aka haifa a nan na yi musu uzuri, ba su san damina ba. Amma kai Balarabe, kai da aka haifa ana jin tsawa, har da kai a ƙarƙashin kujera!

Na uku, kuma shi ne roƙona. Kun ci rabonku kun ƙoshi, yanzu kuna so ku rufe tukunya. Ranka ya daɗe shugaba, me zan yi da Yanbu? Ruwan gishiri ne a kwance, ni kuwa wanda ke saukowa nake nema. Gwiwoyina sun fara ba ni labari, ban san sau nawa ya rage mini in hau dutse ba. Don girman Allah kada a soke, kada a sauya wata, kada a sauya dutse. Wanda ke tsoron jiƙewa ya sayi lema.

Allah ya ƙara wa wannan ƙungiya haɗin kai, ya ja zamanin shugabanninmu, ya shirya mana zuri'a, ya mai da kowa gidansa lafiya. Ranar da kuma aka kai ni kan dutsen nan, Allah ya sa a yi ruwan da ya fi naku.

Na gode.