Manomi Ɗaya, Suna Huɗu

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban taro, shugabannin rassan ƙungiyarmu ta sayar da iri da taki na Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa, iyayenmu maza da mata, manoma abokan cinikinmu, barkanmu da zuwa. Ina godiya da aka ba ni dama. Idan kun ga ina dariya ni kaɗai, ku yi mini uzuri, tun safe nake haka.

Da farko, kun san bana aka zuba sunayen masu saye na rassa huɗun nan a manhaja guda, aka ce in haɗe duk sunan da ya maimaitu, domin a gane wanda ya fi kowa ciniki da mu a ba shi injin ban ruwa. Ni kuwa mutum ne mai shakka. Ko ƙofa na kulle sai na koma na taɓa.

Na biyu, manhajar ta nuna mini mutum huɗu masu lambar waya ɗaya. A Kazaure Muhammadu Lawal, a Roni Lawal Mai Tumatir, a Babura Malam Lawal, a Gwiwa kuma Kawu, Kawu kawai. A rarrabe, babu wanda ya kai ko na goma. A haɗe, sun wuce kowa. Ukun farko na tabbatar mutum ɗaya ne. Amma Kawu fa? A ƙauye unguwa guda kan yi amfani da waya ɗaya. In na haɗa bisa kuskure na zalunci wani, in na bari na hana mai haƙƙi injinsa, ga rani ya ƙarato.

Na uku, sai na hau babur zuwa Gwiwa. Aka ce wata dattijuwa, Inna Tasalla, ita ke zuwa sayen takin Kawu. Na durƙusa na ce, "Inna, mene ne sunan Kawu na yanka?" Ta ja mayafi ta ce, "Kai, da furfurarka ba ka da kunya? Ɗan farin nawa zan kira maka?" Na ce, "To ni zan faɗa. Muhammadu Lawal?" Ta juya mini baya ta ce, "Wanda ka ambata ɗin dai, ni na goya shi. Tashi ka ba ni wuri."

Jama'a, a tsakar gidanta na ciro wayata na danna maɓallin haɗe sunayen! Huɗu suka zama ɗaya! Na dawo ina waƙa a kan babur, ni da ban iya waƙa ba.

Gobe akwai masu suna Abu da yawa a Roni suna jirana in tantance su a manhaja, amma yau ranar murna ce. Malam Muhammadu Lawal, taso, injin naka ne. Inna Tasalla, ki ɗago kai ki kalle shi, ba sai kin kira shi ba.

Allah ya sa albarka a injin nan, ya ba mu rani mai yabanya, ya saka wa iyayenmu da alheri, ya mayar da kowa gida lafiya. Na gode.