Tururuwar Iya Ladi

Mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ce Rifkatu, daga Muciya a Sabon Gari.

Da na haifi Bulus, in ya kama nono sai haki, gumi ya jiƙa shi, leɓɓansa su yi baƙi. Iya Ladi, unguwarzomar layinmu mai sayar da koko, ta tatsi nonona a ludayi, ta jefa tururuwa ciki. Tururuwa ta mutu. A gaban surukata ta ce, "Nononki guba ne, ke kike kashe yaron nan." Aka hana ni ba shi, aka yi ta ɗura masa madarar shanu har ya koma ƙashi da fata.

Na sulale da shi asibiti a Samaru. Likita ya ce da huda a zuciyarsa aka haife shi, nonona lafiya lau. Iyaye, in kun ga haka, ku ruga asibiti.

An ce in yafe. Ban yafe ba. Gobe da safe, a gaban masu saye, zan jefa tururuwa a kokonta. In tururuwar ta mutu, duk layi zai ji abin da take ba su.

Iya Ladi, na san kina saurare. Ina gaisuwa.