Koren Haske a Hoto

Shekarar fari, zamanin mulkin soja, Malam Bawa na jiran mota a tashar Matamaye, sai wani ɗan cirani da bai sani ba ya miƙa masa hotonsa, koren haske kewaye da kansa.

"Baba, a Legas na ɗauka. Na'urar tana nuna hasken mutum. Mai ita ya ce kore alamar tsabtar zuciya ce."

"A zamaninmu maƙwabta ake tambaya. Wa za ka kai wa wannan shaida?"

"Innata, a Kurni. Tun da farin nan ya fara ban leƙo ba, ban kuma yi aike ba."

Malam Bawa ya mayar masa da hoton.

"Ita ta ce zuciyarka ba tsabta?"

"A'a, Baba. Ai ban isa gida ba tukuna."