Yadda Baba Ya Daina Sare Tsiron Gawo

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ne Haladu, manomi daga wani ƙauye a Gwiwa.

Na daɗe ina roƙon mahaifina mu daina sare tsiron itatuwa lokacin sharar gona, domin iska tana binne mana shuka da yashi. Da na ambaci sauyin yanayi sai ya ce, "Wannan zancenku ne na rediyo."

Rannan sai na tambaye shi, "Baba, kuna samari haka damina take makara?"

Ya ce, "Ina! Kuma lokacin gawo da marke ne cike da gonar nan, iska ba ta taɓa shuka." Ya yi ta lissafo itatuwan da suka ɓace.

Da muka fita shara, na ɗaga gatari zan sare wani tsiron gawo, sai ya riƙe hannuna ya ce, "Bar shi ya girma."

Yau itatuwan sun fi ni tsawo, geronmu ya daina binnewa. Ranar kasuwa Baba ne ke wayar wa dattawa kai. Wallahi ina alfahari da shi.

Ina gaida abokaina na Roni. Kada ku yi gardama da iyayenku, ku tambaye su abin da suka gani.